Yadda firinta ɗaya za ta wadatar da shago ko ofis: Bayani kan uwar garken buga takardu

A duk shekara, da zarar hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB ta ba ɗalibai izinin buga takardar shiga ɗakin jarrabawa, shagunan buga takardu kan cika maƙil. A garin Garam, da ke Ƙaramar Hukumar Tafa a masarautar Suleja ta Jihar Neja, wanda ke maƙwabtaka da Bwari inda hedikwatar hukumar take, aikin takarda ba ya yankewa ko bayan kakar jarrabawa. Akwai takardar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, akwai sakamakon WAEC da NECO, ga takardun neman aiki da yarjejeniyar cinikin fili da katin ɗaurin aure.

Shaguna da dama irin waɗannan, haka ma ofisoshin makarantu da ƙananan asibitoci, firinta ɗaya suke da ita, haɗe da kwamfuta ɗaya ta wayar USB. Duk mai son a buga masa takarda sai ya tura ta zuwa wayar mai shago ta WhatsApp, ko ya miƙa filash a kwafe, a buɗe, sannan a buga. Sauran kwamfutocin da ke wurin sai su yi ta jira.

Wannan tsari yana cin lokaci, amma ba nan kaɗai illarsa ta tsaya ba. Filash da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta na daga cikin hanyoyin da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke yaɗuwa. Haka kuma takardar da aka tura ta WhatsApp, mai ɗauke da hoton mutum da ranar haihuwarsa da lambarsa ta NIN, tana iya zama a wayar wani har tsawon watanni bayan mai ita ya manta da ita.

Maganin da masana harkar sadarwa suka daɗe suna amfani da shi shi ne a kafa uwar garken buga takardu, yadda kowace na'ura da ke wurin za ta tura aikinta kai-tsaye zuwa firinta ɗaya.

Mece ce uwar garken buga takardu?

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima a kan zariyar sadarwa guda. Ta buga takardu tana tsayawa ne tsakanin firinta da masu son amfani da ita. Idan aiki ya zo, tana karɓa ta ajiye, ta jera shi a layi, ta juya shi zuwa sigar da firintar ke fahimta, sannan ta miƙa mata idan ta gama wanda ke gabansa. Tana kuma rubuta wanda ya turo aiki, da lokacin da ya turo, da yawan shafukan.

Ba lallai ne ta kasance babbar na'ura mai tsada ba. Tsohuwar kwamfutar tebur, ko kwamfutar tafi-da-gidanka da aka jingine, ko ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi wadda ba ta wuce tafin hannu ba, duk suna iya wannan aiki. Wani abin lura shi ne, aikin ba ya buƙatar intanet. Matuƙar na'urorin suna haɗe da rauta ɗaya, ta kebul ko ta Wi-Fi, takarda za ta tashi daga waya ta isa firinta ba tare da an ƙona data ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, na'urorin ba harshe ɗaya suke ji ba. Kwamfuta mai Windows tana da hanyar da ta saba, wayar Android da iPhone suna da tasu, tsohuwar na'urar ofis kuma tana da tata. Waɗannan hanyoyi su ake kira ƙa'idojin sadarwa, wato yarjejeniyar yadda na'ura biyu za su yi magana. Kowace ƙa'ida tana da ƙofarta mai lamba wadda saƙo ke shiga ta cikinta. Saboda haka babban aikin uwar garke shi ne na tafinta: ta saurari kowa da harshensa, ta isar wa firinta da nata.

Ƙa'idoji huɗu da ya kamata a sani

Mafi tsufa a cikinsu ita ce LPD, wadda ta samo asali daga babbar manhajar Unix ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, aka kuma rubuta bayaninta a takardar RFC 1179 a shekarar 1990. Tana amfani da ƙofa mai lamba 515. Sauƙinta ne ya sa ta yi ƙarko, domin kusan kowace tsohuwar firintar ofis ta san ta. Sai dai ba ta suturta saƙo, ba ta da wata ƙwaƙƙwarar hanyar tantance mai turowa, kuma bayanin da take mayarwa game da halin da firinta ke ciki ƙalilan ne.

Ta biyu ita ce hanyar ƙofa ta 9100, wadda ta shahara da kayan JetDirect da kamfanin HP ya fito da su a farkon shekarun 1990. Wannan tamkar famfo ce: a buɗe, a zuba aiki, a rufe. Tana da sauri, amma babu tambayar wane ne, babu kalmar sirri. Duk wanda ya isa ƙofar zai iya bugawa.

Ta uku ita ce SMB, wadda Windows ke amfani da ita wajen raba jakunkunan bayanai da firinta, ta ƙofa mai lamba 445. Ita ce ke aiki idan aka shiga saitin firinta a Windows aka zaɓi a raba ta ga sauran kwamfutoci. Ga ofishin da duk kwamfutocinsa Windows ne, wannan ya isa, duk da cewa Windows 10 da 11 na yau da kullum ba sa karɓar sama da na'urori 20 a lokaci guda. Babban gibinta shi ne wayoyin hannu, domin tsarin bugawa da ke zuwa a cikin Android da iPhone ba ya bin wannan ƙa'ida. Kwamfutocin Linux kuwa suna jin SMB ta hanyar manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell ɗan ƙasar Ostareliya ya fara fitarwa a 1992.

Ta huɗu, kuma wadda ta fi muhimmanci a yau, ita ce IPP, mai ƙofa lamba 631. An fitar da sigarta ta farko a 1999, ta biyu a 2000, aka sabunta bayaninta a 2017. An gina ta ne a kan ƙa'idar da shafukan intanet ke amfani da ita, don haka tana iya neman kalmar sirri, tana iya suturta saƙo yadda wani ba zai karanta a hanya ba. Tana kuma ba na'ura damar tambayar firinta: wane girman takarda take karɓa, tana buga launi, tana buga gaba da baya, takarda ta ƙare ko ta maƙale? A kanta aka gina AirPrint, da kamfanin Apple ya fito da shi a 2010, da kuma tsarin Mopria, wanda kamfanonin Canon, HP, Samsung da Xerox suka kafa ƙawancensa a 2013, wanda kuma wayoyin Android ke bi.

Akwai wata ƙa'ida ta gefe da ba ta ɗaukar takarda, amma in babu ita waya ba za ta ga firinta ba. Sunanta mDNS, tana amfani da ƙofa ta 5353, aikinta kuma shela ne: tana sanar da duk na'urorin da ke kan zariyar cewa ga firinta mai suna kaza a adireshi kaza. Apple na kiran nasa tsarin Bonjour, a Linux kuma manhajar Avahi ce ke yin wannan shela.

Manhajar da ke haɗa su

Manhajar da aka fi amfani da ita wajen wannan tafinta ita ce CUPS. Michael Sweet ne ya ƙirƙiro ta, aka fara fitar da ita a 1999. Apple ya sanya ta cikin kwamfutocinsa na Mac a 2002, ya saye ta a 2007. A yau ƙungiyar OpenPrinting ce ke kula da sigar da yawancin manhajojin Linux ke amfani da ita. Kyauta ce, ba a sayen lasisi.

Harshen CUPS na asali IPP ne. Idan aka haɗa ta da Avahi, wayoyi da kwamfutocin Mac za su ga firintar da kansu. Idan aka ƙara Samba, tsofaffin kwamfutocin Windows za su same ta. Akwai kuma wani ƙaramin ɓangare mai suna cups-lpd domin na'urorin da LPD kaɗai suka sani. Ta ɗaya ɓangaren, wato tsakaninta da firinta, tana iya magana ta USB, ko ta 9100, ko LPD, ko IPP. Da haka firintar da aka ƙera tun kafin zuwan wayoyin zamani za ta iya karɓar aiki daga iPhone.

Matakan kafawa

Matakin farko ba a gaban kwamfuta ake yinsa ba, da biro da takarda ake yi. A lissafa na'urorin da za su yi bugu da irin babbar manhajar kowacce, a kuma duba ko firintar tana da ramin kebul na sadarwa ko Wi-Fi, ko kuwa USB kaɗai gare ta. Wannan lissafi shi zai nuna ƙofofin da ake buƙata. Idan duk na'urorin sababbi ne, IPP kaɗai ta isa.

Mataki na biyu shi ne tsayar da adireshi. Rauta tana raba wa na'urori lambar adireshi duk lokacin da suka kunna, kuma ba dole ba ne na'ura ta sake samun lambar jiya. A wurin da ake yawan ɗauke wuta, wannan kan zama tushen ƙorafin nan na cewa jiya tana bugawa, yau ta ƙi. Firintar tana nan lafiya, adireshinta ne ya canza. Don haka a shiga saitin rauta a keɓe wa uwar garke lamba ta dindindin, misali 192.168.1.10, firinta kuma 192.168.1.20 idan tana kan zariyar.

Mataki na uku shi ne girka babbar manhajar Linux, kamar Debian ko Ubuntu, tare da CUPS da Avahi. Bayan haka, a buɗe manhajar shiga intanet a kan uwar garken a rubuta localhost:631, shafin gudanarwa zai fito. A nan ake ƙara firinta, a ba ta suna gajere marar tazara, kamar Ofis. Mai son rubuta umarni kai-tsaye zai iya amfani da wannan ga firinta mai jin IPP:

lpadmin -p Ofis -E -v ipp://192.168.1.20/ipp/print -m everywhere

Kalmar ƙarshe ta umarnin na nufin CUPS ta tambayi firintar abin da take iyawa, ba sai an nemo direba ba. Direba shi ne ƙaramar manhajar da kamfani ke yi domin kwamfuta ta san yadda za ta sarrafa wata na'ura takamaimai.

Tsofaffin firintocin USB kuwa suna buƙatar direba, wasu ma fiye da haka. Misali, HP LaserJet 1018 da 1020 ba sa riƙe manhajar cikinsu idan wuta ta ɗauke, sai kwamfuta ta sake loda musu duk lokacin da aka kunna su. Kunshin direbobi na HPLIP ko na foo2zjs ne ke yin wannan a Linux. Amfanin uwar garke a nan shi ne, sau ɗaya za a sha wannan wahala, a na'ura ɗaya, maimakon a kowace kwamfuta.

Mataki na huɗu shi ne rabawa. Umarnin cupsctl --share-printers yana buɗe firintar ga na'urorin da ke kan zariyar gida kaɗai. Akwai wani zaɓi mai suna --remote-any da ke buɗe ta ga kowane adireshi; shago ko makaranta ba su da buƙatarsa.

Mataki na biyar shi ne haɗa masu amfani. Wayar Android ko iPhone da ke kan Wi-Fi ɗin wurin za ta ga sunan firintar idan aka zaɓi bugawa. Sababbin Windows 10 da 11 su ma kan gano ta da kansu, in kuma ba su gano ba, a ƙara ta da hannu da adireshin http://192.168.1.10:631/printers/Ofis. Sai idan akwai kwamfutar da ta kasa bin wannan hanya ne za a girka Samba, a kunna sashen firinta a cikin saitinta, a buɗe wa ma'aikata suna da kalmar sirri.

Daga ƙarshe a gwada daga kowace irin na'ura, a kashe komai a sake kunnawa, a sake gwadawa. Idan kwamfuta na bugawa amma waya ba ta ganin firinta, yawanci ɗayan biyu ne: ko dai Avahi ba ta aiki, ko kuma wayar tana kan Wi-Fi na baƙi, wanda rauta da dama ke killacewa daga sauran na'urori.

Abin da mai shago zai amfana

Tambayar da mai shago zai fara yi ita ce, idan kowa na iya turo aiki daga wayarsa, me zai hana a buga kafin a biya? CUPS tana da saitin da ke riƙe kowane aiki a layi har sai mai kula ya sake shi. Abokin ciniki ya turo, mai shago ya duba yawan shafuka a shafin gudanarwa, a biya, sannan ya saki aikin. Wanda aka fasa sai a soke, babu takardar da ta salwanta.

Ga makaranta ko ofis, ana iya ƙayyade yawan shafukan da kowane ma'aikaci zai buga a mako ko a wata, kuma kundin da manhajar ke ajiyewa yana taimakawa wajen sanin inda takarda da hodar tawada ke tafiya. Ana kuma iya buɗe layi biyu ga firinta ɗaya, ɗaya na baƙi da fari ga kowa, ɗaya na launi ga waɗanda aka ba izini.

Batun wuta

Firinta mai hodar tawada tana zuƙar wuta mai yawa, ɗaruruwan wat, a lokacin da take ɗumama abin da ke manna hodar a takarda. Shi ya sa ba a son haɗa ta da ƙaramin UPS. Abin da ya dace a ɗora a kan batir ko sola shi ne uwar garke da rauta, waɗanda wutar da suke ci kaɗan ce. Idan wuta ta ɗauke, ayyukan da aka turo za su zauna a layi, da zarar an tayar da janareto ko wuta ta dawo su ci gaba da fita. Ya kamata kuma a saita CUPS ta riƙa sake gwada aikin da ya gaza, maimakon ta dakatar da firintar gaba ɗaya har sai wani ya zo ya kunna ta da hannu.

Ƙofar da ba a buƙata, a rufe ta

Kowace ƙa'ida da aka kunna ƙofa ce, kuma tarihi ya nuna ɓarayin intanet suna ƙwanƙwasa su. A watan Fabrairun 2017 wani mai kutse ya sa firintoci kimanin 150,000 a sassan duniya suka buga saƙonsa, saboda an bar ƙofofinsu a buɗe ga intanet. A ƙarshen 2018 an maimaita irin haka a kan wasu kimanin 50,000. A tsakiyar 2021 aka gano ɓarakar da aka laƙaba wa suna PrintNightmare a sashen bugawa na Windows, wadda ke iya ba mai kutse cikakken iko da kwamfuta. A watan Satumban 2024 kuma aka bayyana wasu ɓarakoki a ɓangaren cups-browsed na Linux. Babu tsarin da ya tsira, kuma gyaran da aka fitar bai amfani wanda bai sabunta manhajarsa ba.

Darasin a fili yake. Kada a buɗe ƙofofin 515, 631, 445 ko 9100 ga intanet ta cikin rauta. A canza kalmar sirrin da rauta da firinta suka zo da ita daga kamfani. A kashe LPD da 9100 a jikin firinta idan ba a amfani da su. A taƙaita shafin gudanarwa ga mutum ɗaya ko biyu, a kuma riƙa sabunta manhaja a kai a kai.

Akwai kuma haƙƙin masu takardu. Uwar garke tana ajiye kwafin aikin da aka buga na wani ɗan lokaci domin a iya maimaitawa. Wurin da ke buga takardun asibiti ko na banki ko na NIN ya kamata ya saita zaɓin PreserveJobFiles zuwa No, yadda kwafin zai goge da zarar an gama. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa masu sarrafa bayanan jama'a nauyin tsare su da kuma daina riƙe su bayan buƙata ta biya. Ita ce kuma ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya domin sa ido.

Inda aka dosa

Alamu sun nuna cewa harsunan nan huɗu suna komawa ɗaya. A watan Satumban 2023 kamfanin Microsoft ya sanar cewa sannu a hankali zai daina rarraba direbobin firinta na wasu kamfanoni ta hanyar sabunta Windows, zai karkata ga IPP da Mopria. Masu kula da CUPS su ma sun bayyana cewa tsohon salon direbobi yana kan hanyar ritaya. Google kuwa tun ƙarshen 2020 ya rufe tsarinsa na bugawa ta intanet mai suna Cloud Print.

Wannan yana da tasiri a aljihun mai saye. Duk wanda zai sayi firinta a Suleja ko Abuja, sabuwa ko ta hannu, ya duba jikin kwalinta ko takardar bayaninta ko akwai alamar AirPrint ko Mopria, ya kuma tabbatar tana da ramin kebul na sadarwa ko Wi-Fi. Mai tsohuwar firinta kuwa ba sai ya jefar da ita ba. Ya ɗora mata uwar garke, ya mayar da IPP babbar ƙofa, ya buɗe SMB ko LPD ga na'urar da ta kasa jin wani harshe kaɗai, ya kuma rufe su ranar da aka sauya wannan na'urar.